Allurar Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Malumfashi, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, mai rawani da mai fartanya duk hanya ɗaya. Kafin la'asar an kai shi ƙauyenmu da ke kan hanyar Kafur an rufe shi, kamar yadda ya bar wasiyya. Zaman makoki kuwa a Malumfashi aka yi shi, don ƙofar gidanmu na gado ba za ta ɗauki motocin da suka zo ba.

Na ga masu ta'aziyya iri-iri. 'Yan siyasa sun zo da manyan riguna, kowa ya ce bango ya faɗi, wasunsu ma suna faɗa suna duba waya. Wata mata daga wajen Gozaki ta shigo cikin gida tana kuka na gaske, ta ɗage zanenta ta nuna mana tabon da ke ƙaurinta. "Kububuwa ce," in ji ta. "Ba don bawan Allahn nan ba, da yanzu ko ƙashina babu." Ba ta san kowa a gidan ba, sai da ta sayar da kaza ta yi kuɗin mota. Akwai kuma wani tsohon Bamaguje, abokin Kawu tun suna samari, wanda ya zo da ƙwaryar dawa a ka. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa kusa da zaure, bai ce da kowa uffan ba har ya tashi. Har daga Jamus saƙo ya zo ta waya, aka fassara wa maza a waje, wai an yi rashin abokin aiki mai amana.

Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa ciki ɗaya. Ta zauna a kusurwar ɗakin Hajiyarsa da carbi a hannu, da ɗan fulas ɗin kunun da ta taho da shi daga gida. Kuloli na ta shigowa, shinkafa, dambu, tuwon masara, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba. Ba wanda ya matsa mata, an san shekara huɗu ke nan tana cewa cikinta ba ya karɓar abincin birni.

Washegari babban ɗan Kawu ya shigo wajen mata. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai an yi tsiya, ya ce da ni muguwa mai allura, in ce da shi ɗan gata mai gudun akuya. Ranar babu wasa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iyayena, 'yan'uwana, Baba ya yi hulɗa da jama'a, ɗan Adam kuwa ajizi ne. Duk wadda ya ɓata wa, don Allah ta yafe masa." Ɗaki ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Har muryar Inna na ji a ciki. Ni bakina bai buɗe ba, kuma ya gani, don ya dube ni ya sunkuyar da kai. Inna ma ta gani. Da muka fita alwala ta ce, "Kina da daga nan zuwa addu'ar bakwai. Ba a barin mamaci da ƙulli."

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Kawu, kuma don kada a tuna rabinsa kawai. Na so mutumin nan kamar uba, kuma tun da nake ba wanda ya ci amanata kamarsa.

Mahaifinsu, wato kakana, kububuwa ce ta kashe shi a gonar dawa, Kawu yana saurayi. Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba zai raina ta, 'yar ƙarama ce, launin ƙasa, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Da kaka, in an sare dawa an kwantar, sai ta shige ƙarƙashin kara ta jira hannu. Ba ta kashewa nan take. Jini ne yake ƙin tsayawa, mutum ya yi ta zubar da shi ta dasashi da tsofaffin tabo, yana magana da mutane, yana cin abinci, yana tafiya a hankali. Kwana uku Kawu yana riƙe da ƙwarya a bakin ubansa. Ya sha gaya mana cewa har ya tsufa ba ya iya kallon zoɓo a ƙwarya.

Malamin firamare ne shi da farko, daga nan ya zama kansila, daga nan ɗan majalisar jiha. Ƙauye duk Kawu suke ce masa, sun ara daga bakinmu ba su mayar ba. In ana yawon neman ƙuri'a, wasu su yi alkawarin taki, wasu hanya, shi kuwa sai ya hau kan benci da babbar riga da takalmin roba na gona har gwiwa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ce, "Kububuwa ba ta tambayar jam'iyya." Goro yake ajewa a naɗin hularsa. In zai yi muhimmiyar magana sai ya cire hular, ya fasa goron, ya ba wanda yake shirin yi wa faɗa rabi.

Labarin kwalba kuwa da bakinsa na ji shi ya fi sau ashirin. Wai da abokan zamansa suka yi ta jan ƙafa a kan maganin saran maciji, sai ya sa aka kashe masa kububuwa, ya sa ta a kwalba, ya shiga da ita zauren majalisa a aljihu, ya dire ta a kan tebur. Wani mai tumbi ya tsallake kujera biyu bai sani ba. Duk lokacin da Kawu ya ba da labarin sai macijiyar ta ƙara tsawo, kujerun ma su ƙaru. Inna ta ce masa wata rana, "Yaya, in ka ƙara shekara biyar kana ba da labarin nan, mesa za ta zama." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma da ƙari ko babu, maganin ya zo.

Ina 'yar sakandare aka kawo firji mai aiki da hasken rana ƙaramin asibitinmu. A bayan a-kori-kura aka ɗauko shi, mata suna biye suna guɗa sai ka ce kayan amarya. Kawu da hannunsa ya jera kwalaye masu ruwan bula a ciki, ya juyo ya ce kyauta ne, duk wanda aka ce ya biya ko sisi ya zo ya same shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiran maganin da wani suna sai allurar Kawu.

Sauran aiki shi ne a sa mutane su zo. Duk yankin, in maciji ya sari mutum, gidan Bamagujen nan ake kai shi, don ya gaji saiwoyi daga kakanni. Sau uku Kawu yana zuwa wurinsa. Na farko suka rabu baram-baram, Bamaguje ya ce an zo a raba shi da gadonsa, Kawu ya ce gadon da bai ceci ubana ba. Na biyu suka ci tuwo ba su ta da zancen ba. Na uku Kawu ya cire hula ya fasa goro ya ce, "Ka ɗaura naka a hanya, ban hana ka ba, amma hanyar ta ƙare a asibiti." Tsohon ya daɗe yana tauna goron kafin ya ce, "To, na ba ka mutanena. Ran da ka yar da su, ni ka yar." Daga nan da kansa yake rako su a kan jaki ko a bayan babur.

Ni kuwa da na gama sakandare mahaifina ya riga ya rasu, baffannina suka ce karatun ya isa haka. Kawu bai yi musu gardama ba. Da sassafe ya zo ya ce in ɗauko akwatina, ya sa ni a mota, bai tsaya ba sai a makarantar koyon aikin lafiya. A Funtua ya tsaya ya saya mini bokiti da fitila da farin takalmi wanda ya yi mini yawa. Na ce ya yi yawa, ya ce, "Ƙafar ce za ta girma, Likita." Tun daga ranar Likita yake ce mini, ko da yake har yau malamar asibiti ce ni, a asibitin nan dai mai firji.

Aikin saran kububuwa ba ya son surutu. A ɗebi jinin mutum kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a aje minti ashirin ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare ya tsaya, lafiya lau. In ya gangaro, dafi na aiki, sai a yi allura, bayan awa shida a sake gwadawa. Shekaru na yi ina karkata kwalba ina ganin jini ya kama bayan allurar Kawu, har na daina fargaba. Kwalba ba ta san ɗan wane ba, abin da ke ciki take faɗa.

Sai Kawu ya faɗi zaɓen fid da gwani. Ba zan ɓoye ba, na tausaya masa. Motocin da ke ƙofar gidansa suka ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Wajen shekara biyu in na je sai in same shi a zaure shi kaɗai da tsohuwar jarida, ya ji motsin mota ya ɗaga kai, ta wuce. Mutum ɗaya ne bai rage zuwa ba, wana da nake ce wa Yaya, ɗan Inna namiji tilo. Manomi ne mai yawan dariya, shi yake manna wa Kawu hotuna lokacin zaɓe, kuma bayan faɗuwar duk Juma'a sai ya kai masa ɗanyar masara ko rake ya zauna ya saurari labarin kwalba kamar bai taɓa ji ba.

A wannan zaman ne wani Bajamushe ya ɓullo. Sau ɗaya na gan shi, ran da muka je da Inna. Dogo ne, rana ta mai da shi ja, an ba shi hula ya kifa ta a karkace, yana cin tuwo da hannu yana yaba miyar kuka fiye da kima. Da ya tafi Kawu ya yi mana bayani da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Wai mutumin shi ma tsohon ɗan majalisa ne a ƙasarsu, ya daɗe yana shugabantar masu kula da harkar lafiya. Da ya bar kujera sai kamfanonin magani suka ɗauke shi, aikinsa ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin waɗanda ya zauna da su a da, ya gaya musu abin da ya kamata su saya da dokar da ta kamata su yi. "Su can sana'a ce," in ji Kawu, "har rajista ake yi mata. Ya ce irina ake nema a nan."

Inna ta ce, "Dillali ke nan."

"Mai ba da shawara dai."

"To, kowa ya ci ladan kuturu..."

"Ya yi masa aski, na sani," ya ƙarasa mata yana dariya. "Wannan ba kuturu ba ne, ba ki ga yatsunsa a cikin tuwo ba?"

Abin da Bajamushen yake so ba ɓoyayye ba ne. Kawu ya san ƙofar duk wani mai sa hannu a sayen maganin gwamnati, kuma kowa ya san shi ne mai kwalba. In shi ya ce maganin maciji na da kyau, wa zai ce a'a? Sabon maganin da kamfanin Bajamushen ke sayarwa ya fi araha nesa ba kusa ba, Kawu ya shiga rediyo ya ce da kuɗin da ake ceton mutum ɗaya yanzu za a ceci gida guda. Na yarda har zuciyarsa ya faɗi hakan da farko. Motoci suka dawo, aka yi wa gida fenti, aka rataye hotonsa a falo cikin ƙaton kwat a wani gari na Jamus. Takalmin roba kuwa ban sake ganinsa ba.

Kwalaye masu ruwan ɗorawa suka maye gurbin masu ruwan bula a firjinmu. Mutum na farko da na yi wa, bayan awa shida na karkata kwalba jini ya gangaro. Na ƙara masa, na sake ƙarawa, da ƙyar ya sha, kuma har yau ina ganin sauran kwana ne. Ta biyu surukar Bamagujen nan ce, shi ya rako ta da kansa. Ba ta tashi ba. Na ɗauko 'yar takardar da ke cikin kwali na zauna na karanta ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa. Macizan da aka yi maganin dominsu na wata ƙasa ne can, tamu ba ta ciki.

Na hau mota na je Malumfashi da takardar a hannu. Kawu bai karɓa ba. Ya cire hula ya fasa goro ya miƙo mini rabi, na san abin da ke tafe.

"Likita, kin fi masu gwaji a Turai sani ne? Mutanen nan sai sun gama shan saiwa, dafi ya gama gari, sannan su zo miki."

"Kawu, matar nan da wuri aka kawo ta."

"Ajali fa? Ki kama bakinki, kada ki je ki faɗi abin da zai raba ki da aikinki, ki ja mini abin kunya. Ya jikin Innarki?"

Na koma gida na gaya wa kaina cewa ya fi ni sani. Na yarda da shi ne don ina son in yarda, wannan kason nawa ne, ba na ɗora wa kowa shi.

Da kakar shekarar Yaya ya sa hannu zai ɗaga kara, ta sare shi a yatsa. Ko rabin awa ba a yi ba aka kawo shi a bayan babur, bai sha saiwar kowa ba, yana dariya yana cewa, "Ƙanwata, zo ki yi mini allurar Kawu in koma, dammuna na jira." Na yi masa. Bayan awa shida na karkata kwalba, jinin ɗan'uwana ya gangaro kamar ruwa. Na kira Kawu a waya, yana Abuja wajen taro da Bajamushen. Ya ce, "Ƙara masa wata, maganin na da kyau."

Kwana na biyu dasashinsa ya fara jini. Na ce mu ɗauke shi zuwa wani asibiti mai nisa da na ji ana samun tsohon maganin, tafiyar yini guda. Yaya ya ƙi. Ya ce shi ɗan gidan mai allura, a ji an gudu da shi wata jiha, ina Kawu zai sa fuskarsa? Na sake kiran Kawu ina kuka. Ya ce, "Kada ki jijjiga shi a mota. Gobe ina tafe." Inna na zaune riƙe da ƙwarya a bakin ɗanta, kamar yadda wanta ya riƙe wa ubansu.

Rana ta uku bayan azahar Yaya ya ce kansa na ciwo, ya nemi a gyara masa matashi. Shi ke nan. Kuka na tashi sai ga taubashina a kan babur, da shuɗiyar kula ɗaure a baya. Ya tsaya a ƙofar asibiti kamar an dasa shi, sannan ya shigo hannu rabbana, ya yi kuka, ya taya ɗaukar gawa zuwa gida. Na ga kular, na ɗauka abinci ne Hajiya ta aiko wa masu jinya, ban sake tunawa da ita ba.

Kawu ya iso jana'iza, ya tsaya a sahun gaba, ya yi hawaye. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da shekara ta zagayo aka kwashe kwalaye masu ruwan ɗorawa a shiru, ba a kawo komai a madadinsu ba, firjinmu ya koma na allurar rigakafi kaɗai. Bamaguje ya daina rako kowa. Kawu ya ci gaba da sana'arsa, yau yana yi wa masu injinan asibiti magana, gobe masu inshorar lafiya. Ina zuwa gaishe shi da salla, in durƙusa, ya ce Likita, in ce na'am, a rabu. Ina jin haushinsa, amma ina ce wa kaina an yaudare shi ne kamar yadda aka yaudare ni. Da abin ya tsaya nan, ina jin da kafin ranar bakwai na buɗe baki.

Ranar uku ta makoki baƙi suka yi yawa, ruwan sanyi ya ƙare, Hajiya ta ba ni makulli ta ce in ɗebo a ƙaramin firjin ɗakin marigayi. Na buɗe. A can ƙasa, bayan ledar dabino, kwalaye uku ne masu ruwan bula. Biyu sababbi ne. Na ukun ya tsufa, ya ɗan lotsa, an naɗe shi a leda, wa'adinsa ya wuce da daɗewa. Na zauna a kan dardumar Kawu da kwalin a cinya. A haka taubashina ya same ni, an aiko shi ya ga abin da ya tsare ni.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya rufe ƙofa. "Tun shekarar da aka canja. Yana sa a sayo masa don 'yan gida da masu yi masa aikin gona."

"Ran da na zo masa da takarda, wannan yana nan?"

"Yana nan."

"Ran da Yaya yake kwance?"

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce ran farko Baba ya ce ba zai kai ga haka ba. Rana ta biyu shi da kansa ya kira Baba ya roƙe shi, Baba ya ce in aka ga shuɗin kwali ya fito daga gidansa ya shiga asibitin gwamnati, kafin magariba duk ƙasar ta ji, a bari ya dawo ya san dabara. Rana ta uku da azahar Baba ya kira ya ce a kai maza. "Na sa shi a kula da ƙanƙara na taho. Ina isa ƙofa na ji kuka. Na juyo da shi. Baba ya ce kada a taɓa kwalin, kada a zubar. Na sha shigowa in same shi ya buɗe firjin yana kallo."

Daga Malumfashi zuwa ƙauyenmu, mai babur ba ya yin awa ɗaya. Wannan tazarar na yi ta aunawa a raina har aka yi addu'ar bakwai. Yana kallon kwalin, in ji ɗansa. To, ya kalla. Ni kwalba na kalla kwana uku, ina ɗura wa wana abin da mai aiko shi ya san ba ya aiki.

Bayan addu'a, jama'a sun fara raguwa, Inna ta ja ni bayan ɗaki wajen famfo. Ta ce, "To, yau bakwai."

Na ce, "Inna, akwai abin da ba ki sani ba."

"Kular ce?"

Na tsaya ina kallonta. Ta gyara mayafinta ta ce, "Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin kula ta zo gidan mutuwa ta koma ba a buɗe ba. Ko ta maƙiyi ce sai an juye an wanke. Ina zaune ina kallo ta taga yaron nan ya tafi da ita a ɗaure. Bayan arba'in na tambayi Hajiyarsa me ta dafa mana ranar, ta ce ita ba ta dafa komai ba. Sauran ban bukaci a gaya mini ba."

"Amma kika ce kin yafe."

"Na yafe nawa. Nono ɗaya muka sha, shi ya goya ni ran da aka fita da ubanmu. Amma kin ga tuwonsa ya sake wuce maƙogwarona? Cikina lafiyarsa ƙalau." Ta kama hannuna. "Ke ma ki faɗi naki, ki sauke."

Na buɗe baki da niyyar in faɗa, Allah Ya sani. Na tuna farin takalmin, na tuna bokiti da fitila. Abin da ya fito shi ne, "Allah Ya jiƙansa." Inna ta jira sauran. Bai zo ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Kafin mu hau mota na tambayi taubashina a ina aka sa Kawu. Ya ce kusa da Yaya, tsakaninsu bai fi taki uku ba, shi ya zaɓi wurin a wasiyyarsa. Na ce to madalla, mai haƙƙin na kusa, sai su yi maganarsu. Allah Ya saka wa Kawu da alherin matar Gozaki da ire-irenta, suna da yawa, ni shaida ce. Allah Ya sa ya samu amsar da zai ba maƙwabcinsa.

Sababbin kwalayen biyu na taho da su, ban nemi izinin kowa ba, na jera su a firjinmu inda ya jera na farko. Na aika wa Bamaguje cewa akwai magani na gaske. Bai aiko da amsa ba. Amma da aka fara girbi sai ga wani magidanci daga unguwarsu a bayan babur, ƙafa a kumbure, da saiwa ɗaure a idon sawu, tsohon na biye da sanda. Bai shigo ba, a ƙofa ya zauna.

Mutumin ya ga shuɗin kwali a hannuna, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Malama, ashe allurar Kawu ta dawo?"

Na ce, "Akwai allura. Miƙo hannunka."